Wa Ya Aiko Ka?

Bahaushe matafiyi ne tun asali, sai dai ba ya tafiya sai da dalili. Yana da fatauci, wanda ya kai kakanninmu Gwanja sayen goro. Yana da ci-rani, wanda yake kwashe samarin ƙauye da zarar hatsi ya shiga rumbu. Yana da almajiranci, da zumunci, da aikin Hajji wanda a da ake share shekaru a kan hanyarsa ta Sudan. Kowace tafiya a cikin waɗannan tana da abin da ake komowa gida da shi, ko riba, ko ilimi, ko lada. Tafiyar da ba ta da ko ɗaya kuwa sunanta yawo, kuma kalmar yawo ba ta cika zama ita kaɗai a bakin dattawanmu ba, sai an rataya mata banza ko dandi. Ko “yawon buɗe ido” ɗin da gidajen rediyo suka koya mana, a Kahu har yau ana jin sa ne kamar wata ɗabi’a ta Turawa da mutanen da kuɗi ya yi wa yawa.

Na fara da wannan ne domin mai karatu ya san irin idon da aka dube ni da shi a hutun shekarata ta biyu a jami’a, lokacin da na ɗauki al’adar goya jaka bayan sallar asuba in fice, ba na dawowa sai magariba ta kusa, ba kaya na kai kasuwa ba, ba gaisuwar mutuwa na je ba.

Abin ya samo asali ne daga wani darasi na tarihi. Malaminmu ya haska mana hotunan Angkor, tsohon birnin daular Khmer da ke ƙasar Kambodiya, can gabashin duniya tsakanin Tailan da Biyetnam. Gine-ginen bauta ne na dutse, hasumiyoyi biyar a tsakiya, katanga da faffaɗan ramin ruwa kewaye da su, wasu kuma saiwoyin itatuwa sun rungume su kamar za su haɗiye. A cikin hotunan akwai samari da ’yan mata daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da jaka a baya, sun hayi kekuna daga garin Siem Reap suna bin hanyoyin da suka ratsa gonakin shinkafa, su wuni suna kallo, da yamma su koma masauki. Malam ya ce a shekarar 2019 kaɗai baƙi fiye da miliyan 2 ne suka biya kuɗi suka shiga. Ajin ya yi ta mamaki. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai wata shekara ce da ya rubuta a gefen allo. Sarkin da ya gina mafi girman waɗannan gine-gine, wato Angkor Wat, shi ne Suryavarman na Biyu, ya hau mulki a 1113. Na san wannan zamanin daga wani wuri. Bisa lissafin da aka saba bi na Tarihin Kano, Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya fara gina ganuwar birnin, ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Ke nan sa’ad da ake jan duwatsu daga tsaunin Kulen domin ginin Angkor, a daidai wannan lokaci mutane suna kwaɓa ƙasa a gindin Dala. Al’ummu biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba sun tashi da aiki iri ɗaya a ƙarni ɗaya, ɗaya ta yi da dutse, ɗaya ta yi da laka. Ta dutsen tana kan tutar ƙasarta, kuma tun 1992 tana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO. Ta lakar tana cikin jerin masu jiran a duba su tun 2007, kuma kowace damina tana rage mata tsawo.

Ba ni da kuɗin zuwa Kambodiya, ba ni ma da fasfo. Ina da tsohon keken mahaifina, da jakar da nake zuba littattafai, da makonni biyar na hunturu. Na ce bari in yi wa ƙasarmu abin da waɗancan samari suke yi wa ƙasar wasu.

Rano na fara zuwa, domin duk ɗan Kibiya ya san can ce uwa. Na bar keke a Kibiya na hau mota, hantsi bai gama ɗagawa ba na isa. A jakata akwai gorar ruwa, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da littafin rubutu, da igiyar awo da na aro wajen wani magini. Na sha zuwa Rano a baya, cin kasuwa ko raka mara lafiya, amma ban taɓa zuwa domin in dube ta ba, kuma gari yakan sauya kama idan mutum ya shige shi ba tare da saƙon kowa a bakinsa ba. Na nemi wani yaro ya nuna mini inda ake hawa dutse, muka hau tare, shi a guje da silifas, ni ina haki. Daga sama ne na fahimci abin da littafi ya daɗe yana gaya mini ban ji ba. Duwatsun nan su ne dalilin garin. Wanda yake kansu yana hango ƙurar mahaya tun suna nesa. A kwarurrukansu ruwan damina yana kwanciya. A gindinsu ƙasa tana da kyau. Idan yaƙi ya zo akwai inda mata da yara da awaki za su shige. Kowane shiyya ka juya gonaki ne fayau an girbe, karan dawa a tsaye a wasu, shanun Fulani suna bin sauran, ga kukoki da ɗorawa da giginya jefi-jefi, hazo ya lulluɓe ƙarshensu. A kan faranti guda na dutsen na ga guraba masu santsi, dogaye, kamar an kwantar da ƙwarya an danna. Yaron ya ce wurin wasansu ne. Na sa tafin hannu a ɗaya, ya shige daidai. Gurbin niƙa ne. Shekara nawa mace za ta yi tana durƙuso a wuri ɗaya kafin hatsi ya cinye dutse haka? Ba mace ɗaya ba ce, uwa ce da ’ya da jika, da waɗanda suka biyo su, kuma babu sunan ko ɗaya a cikin littafin kowa.

Littafin yana da sunayen sarakuna. Labarin Bayajida ya sa Rano cikin Hausa Bakwai, ya ce Zamna Kogi, ƙaramin ’ya’yan Bawo, shi ya kafa sarautarta, abin da ya sa ake yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci yadda Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa. Tun daga nan auta yake ƙarƙashin inuwar wansa. A zamaninmu ma mun ga an ɗaga masarautar zuwa daraja ta ɗaya a 2019, an rushe ta a 2024, an kuma maido ta a daraja ta biyu a cikin shekarar. A waɗannan shekaru babu majalisar da ba a yi gardama a kan rawanin Rano ba, har abokai sun ɓata. Ban taɓa jin an ɗaga murya a kan ganuwarta ba. Na bi abin da ya rage daga cikinta da ƙafa a yammacin ranar. A wani wuri tudu ne da awaki suke hawa, a wani wuri an jingina katangar gida da ita, a wani wuri kuma sai dattijo ya nuna maka fili da sanda ya ce nan ta bi.

Ya kamata a yi wa laka adalci. Ginin ƙasa ba a yi shi don a gama a tafi ba. Ganuwa rayayyen abu ce, kamar gona: kowace shekara bayan damina sarki yakan sa a yi shela, unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye a fito a yi yaɓe, kowa da rabonsa. Muddin akwai abin tsoro a waje, akwai hannun da zai gyara ta. A farkon watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan yamma da mu, bayan kwana biyu suka shiga Kano. Daga ranar ganuwa ta rasa aikinta, wanda ya rasa aiki kuwa a ƙasar Hausa ba a ciyar da shi don tsufansa kawai, sai in mutum ne. Mutanen Angkor ma ba su fi mu tattali ba a kan gidajensu. Wani Basine mai suna Zhou Daguan da ya je can cikin tawagar jakadanci a 1296 ya rubuta cewa talakawan birnin da ciyawa suke rufin ɗakunansu. Waɗannan gidaje, har da fadar sarki da aka yi da katako, duk sun ruɓe. Gidajen bautarsu kaɗai suka yi wa dutse. Sai a 2012, da masana suka bi ta saman dajin da jirgi mai saukar ungulu suna auna ƙasa da hasken na’ura, aka ga layukan tituna da tafkuna da tuddan gidaje a ƙarƙashin itatuwa. Wato birnin mutane na Angkor kufai ne irin namu. Bambancin shi ne an sami waɗanda suka tsaya suka auna shi.

A mako na biyu na nufi Burumburum, inda Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe aka kashe shi a 1807, bayan ya bar birni ya nemi mafaka a Zariya. A teburin mai shayi na tambayi samari uku ko sun san shi. Biyu sun taɓa jin sunan. Na ukun ya tambaye ni ko a wace jam’iyya yake.

A hanyar irin wannan tafiya ce, a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, aka tsare ni. Na hango kukoki sun fi goma a cure a tsakiyar gonaki, babu gida ko ɗaya kusa da su. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kuka ba ta taruwa haka da kanta. Inda ka ga garken kuka, mutane sun zauna, sun ci miya, sun zubar da ’ya’yan. Na jingine keke na shiga. Ƙasa cike take da tsingaro, wani da zanen igiya a jikinsa, ga kashin maƙera baƙi ƙirin yana ƙyalli a kunyoyi. Na fito da igiyar awo ke nan ina rubutu sai na ji an ce, “Kai! Tsaya nan.” ’Yan sintiri ne su huɗu, biyu da gora, ɗaya da adda, ɗaya da bindigar toka. Suka karɓi jakar, suka zazzage ta a ƙasa. Littafin da igiyar su suka fi tayar musu da hankali. Aka tasa ni gaba, ina tura keke, yara suna bin mu, har zauren mai unguwa.

Na tuɓe takalmi na durƙusa na kwashi gaisuwa. Mai unguwa dattijo ne siriri, yana gyaran igiyar guga bai ɗago ba sai da ya gama ƙulli.

“Samari, daga ina?”

“Ranka ya daɗe, daga Kahu.”

“Wa ya aiko ka?”

“Babu kowa, ranka ya daɗe. Kallo na zo yi.”

Zauren ya yi tsit, sannan wani daga baya ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Mai unguwa ya ce, “Kallo. A gonar mutane. Da igiya.” Ya ce in faɗa masa gaskiya tun muna mu kaɗai: ko masu neman zinariya ne suka turo ni, ko gwamnati ce za ta karɓi filin, ko kuwa ina duba hanya ne domin waɗanda suke zuwa da dare. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A shekarun nan baƙon da yake zagaya gari yana rubuce-rubuce ya sha zama mafarin kuka a wurare da yawa na Arewa, kuma mutumin da yake kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda shanunsa ba shi da lokacin yarda da mai kallo. Katin makaranta bai yi mini amfani ba, sun ce kowa yana iya bugawa. Abin da ya cece ni shi ne tambayar da aka saba yi tun kafin a ƙirƙiro kati: ɗan gidan wa? Na faɗi sunan mahaifina, babu wanda ya sani. Na faɗi na kakana, sai wani tsoho da yake jingine da bango ya gyara zama. Ya ce, “Marini?” Na ce gidanmu dai ana ce masa gidan marina, amma ban taɓa ganin wanda ya yi rini ba. Ya ce shi ya gani. Yana yaro ubansa yakan aike shi Kahu da farin saƙi a kai, ya karɓo baƙi.

Nan take aka kawo mini fura. Mai unguwa ya sa aka mayar mini da kayana, ya ce gobe in zan shiga ƙasar wani in fara da zaure, haka aka gada. Tsohon nan kuwa ya ɗauki sandarsa ya ce in zo ya nuna mini abin da na zo gani, tun da ni ban san inda ake dubawa ba. Muka koma cikin kukokin. Ya nuna mini inda masallaci yake, da inda rijiya take, da inda maƙera suke, da ƙofar da ake fita da shanu. Ni ƙasa kawai nake gani, shi kuwa yana ratsa ta yana kauce wa katangun da babu su. Ya ce Ningawa ne suka tashi garin a zamanin kakansa. Wannan ya yi daidai da abin da aka rubuta: wajen tsakiyar ƙarni na 19 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda rikicin haraji, suka shige duwatsun Ningi, daga can kuma magadansu suka shafe shekaru suna kai hari kudancin Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su. Na tambaye shi ko ’ya’yansa sun san wuraren nan. Ya ce, “Ɗana, wa ya tambaye ni in ba kai ba?”

Tiga na je sau ɗaya, ta Rurum, ban daɗe ba. Ruwa ne iya ganinka, masunta a kwale-kwale, iska mai sanyi. An kammala madatsar a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ita take shayar da shinkafa da tumatir da alkama na Kadawa da Kura da Bunkure. Mutanen Angkor sun haƙa irinta da hannu tun ƙarni na 11, tafki mai tsawon kilomita 8 da faɗin 2, har yau da ruwa a cikinsa. Na ci soyayyen kifi, na juyo.

Maganar tsohon ce ta hana ni sakat. Da daddare na shiga ɗakin kakata, wadda ta haifi mahaifina, na same ta tana jan carbi a gefen kaskon wuta.

“Maigidan nawa ya dawo daga yawon nasa? Yau me ka kawo mini, ko tsingaron ne cefanen?”

Na ce, “Iya, ina marinar gidanmu take?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina hancina yake. Ta ce ai ina taka ta kowace damina. Gonarmu ta bayan gari, wadda Baffa yake nomawa tun rasuwar mahaifinmu, tana da wani dogon tudu a gefenta na gabas, da wasu ramuka a gindin kuka waɗanda muke kewayewa da garma. Tun ina yaro an hana mu wasa a wurin, an ce akwai macizai. Iya ta ce tudun ganuwar tsohon gari ce, ramukan kuwa rijiyoyin baba ne. Da aka kawo ta gidan tana amarya, huɗu suna aiki. Ta ce in ka doso wurin warin baba ne zai fara yi maka maraba, sai ƙarar muciya a cikin rijiya, sai bugun mabuga daga rumfa kamar ana kiɗa. Ta ce hannun surukinta har ya koma ga Allah shuɗi ne zuwa gwiwar hannu, ko wankan gawa bai fitar da shi ba.

Washegari ban hau keke ba. Na ɗauki fartanya da igiyar awo na tafi gonar da na fi sani a duniya. Na share bakin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya ne. Bakin kowanne zagayayye ne sumul, an shafe cikinsa da wani abu mai tauri, toka-toka, wanda fartanya take tsalle a kansa. Laso ke nan, sumuntin Hausa. Marina sukan kwashe katsin da ya kwanta a gindin rijiya, su busar da shi, su ƙona, su daka, su haɗa da gashin jima da ruwan dafara, sai ya zama abin da ruwa ba ya ratsawa. Wato rini da kansa yake haifar da abin da ake gina masa sabuwar rijiya. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami’ar Bayero, ya yi bincike a kan wannan sana’a, ya nuna cewa manyan rijiyoyin laso su ne suka sauƙaƙa tsadar rini a ƙarni na 19, kuma yawancin aikin a garuruwa da ƙauyukan karkarar Kano aka yi shi, ba a cikin birni kaɗai ba. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ga tufafin ƙasar nan suna tafiya har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Labarin Bayajida ma da ya raba wa ’ya’yan Bawo ayyuka, Kano da Rano ya ba sarautar baba. Ke nan rawanin da wani Buzu ya naɗa a tsakiyar Sahara shekara 150 da suka wuce, mai yiwuwa a cikin ɗaya daga ramukan nan aka tsoma shi, nan inda muke zubar da ciyawar da muka nome. Abin da ya kashe su ba yaƙi ba ne. Jamusawa sun fara sayar da shunin masana’anta a 1897, yadin kanti ya biyo baya, sana’ar ta yi ta janyewa har ta tsaya a wurare ƙalilan kamar Kura da Ƙofar Mata.

Ina cikin awo Baffa ya iso a kan babur, tare da wani mutum mai tabarau wanda bai sauka ba. Suka tsaya a gindin tudun suna nune-nune. Da mutumin ya tafi, Baffa ya ƙaraso yana murmushi, ya ce Allah Ya kawo kasuwa. Masu tifa suna neman jar ƙasa domin cikon wani gini, kuma sun ce ta tudun nan babu irinta, ba tsakuwa, ba yashi. Ai kuwa dole, tun da hannu ya tankaɗe ta ya kwaɓa. Za su kwashe tudun su biya, su kuma tura ragowar su cike ramukan, gona ta ƙaru da kunya ashirin ko fi, tarakta ta shiga ba tare da tsoron karyewa ba.

Na ce, “Baffa, ganuwa ce fa. Ramukan nan kuma na su Kaka ne.”

Ya ce, “Na sani. Na riga ka sani, ni na ɗebo musu ruwa.” Ya zauna a kan tudun, ya ciro ’yar takarda daga aljihu, ya miƙo mini. Lissafi ne da rubutun ajami: kuɗin taki na bara da ba a gama biya ba, kayan ɗakin ƙanwata da za a kai bayan salla, maganin hawan jinin Iya. Layi na huɗu kuɗin rajistata ne na shekara ta uku, wanda aka ƙara. Ya ce, “Karanta mini wanda za a cire.”

Ban sami abin cirewa ba. Mutanen da suke tsare Angkor ba don sun fi Baffa son kakanninsu ba ne. Akwai hukuma da take karɓar kuɗin shiga, akwai ƙasashen da suka zuba dukiya a gyara, akwai dubban gidaje a Siem Reap da tukunyarsu take ɗoruwa saboda dutsen yana tsaye, mai tuƙa baƙi da mai sayar da abinci da mai ba da hayar keke. A can tsohon gini yana ciyar da mai shi. A nan, hanya ɗaya da tudun nan zai ba Baffa ko sisi ita ce ya hau bayan tifa. Masu cewa mutanenmu ba su san darajar tarihi ba, yawancinsu daga ofis mai sanyi suke faɗa, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya zo ya tambayi nawa ne buhun taki ba. Duk da haka, sanin wannan bai rage mini komai daga abin da na ji ba sa’ad da na dubi tudun na san kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Na roƙi abu biyu. Na farko a ba ni mako guda kafin motoci su zo. Na biyu a bar rijiyoyin da suke gindin kuka, tun da ko an cike su saiwa ba za ta bar garma ta wuce ba. Baffa ya yi shiru yana duban wurin, ya ce uku ne a gindin kukar. Na ce huɗu ne, ɗaya ƙasa ta rufe bakinta. Ya ce to, huɗu.

A makon nan na auna tudun taku-taku, tsawo da faɗi da tsayi, na zana shi a littafi da kukar da hanyar shanu. Na ɗauki hoton kowace rijiya da waya, na sa fartanya a gefe domin a gane girmanta. A inda ruwa ya zaizaye gefen tudun ana ganin tubala a jere, masu siffar ƙwai, a jikin ɗaya har da shatin yatsu huɗu. Na ciro shi a hankali na naɗe a tsumma. A rana ta biyar na ɗauko Iya a bayan babur ɗin Baffa, abin da ta yi shekaru ba ta yarda da shi ba, na zaunar da ita a inuwar kukar. Ta riƙa nuna rijiyoyin da bakin sandarta tana faɗin masu su, wannan ta surukinta, wannan ta ƙanensa, waɗannan biyu na wani Babarbare da ya zo ci-rani ya zauna har ya mutu, ina rubutawa. Ta tuna tara. Biyu ta ce tun zuwanta a bushe ta same su, ba ta taɓa jin an kira su da sunan kowa ba.

Motocin sun zo ranar Asabar da sassafe, guda biyu, da ’yan lodi takwas. Kwana uku suka yi. Ranar Laraba na tafi banki a Rano na biya kuɗin rajista, na karɓi rasit, na sa shi a cikin littafin awon, na kama hanyar Kano da tubalin a ƙasan jaka.